Famfon Hagu

A Jidda, idan bazara ta kankama, famfunan gida musayar aiki suke yi. Tankin ruwa yana kan rufi, rana tana dukansa tun hantsi, saboda haka famfon dama mai ɗigon shuɗi, wanda aka yi domin ruwan sanyi, shi ne yake zubo da ruwan da zai iya saluɓe wa mutum fata da tsakar rana. Na hagu kuwa, mai ɗigon ja, ruwansa daga tukunyar dumama ruwa yake zuwa, wadda mutanen garin suke kira sakkana. To ita sakkana a cikin gida take, a inuwa. Sai a kashe mata wuta tun farkon zafi, ruwan da ke cikinta ya wuni ya kwana yana hucewa. Shi ke nan ja ya zama sanyi, shuɗi ya zama zafi, har sanyin ƙarshen shekara ya leƙo a mayar da kowa bakin aikinsa. Duk wanda ya shekara a garin ya san haka, kuma yawanci da fatar hannunsa ya koya.

Gidan su A'i a unguwar Madain Fahd tsohon bene ne na haya. Ita da mahaifinta, Baba Usuman, suna ƙasa. Ƙanenta Mustafa da matarsa Naja'atu suna sama. Mijin A'i direban tirela ne tsakanin tashar jiragen ruwa da Riyad, gidan ya fi sanin muryarsa a waya. Mutumin da ya gina benen mai son burga ne, bai sa wa kowane banɗaki 'yar sakkanarsa yadda kowa yake yi ba. Guda ɗaya ya girka, ƙatuwa, tsayin mutum, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, ita ce take ba sama da ƙasa. A jikinta akwai maɓallin wuta da 'yar jar fitila, da abin murɗawa mai lambobi na ƙara zafi ko rage shi. A gefenta kuma akwai wani ɗan inji da bai fi ƙwallon kwakwa ba, wanda ake kira dinamo, shi ma da nasa maɓallin. Duka biyun a kashe suke tun watan biyar.

Baba Usuman mutumin Mai Wurno ne a Sudan. Ya sauka Jidda yana saurayi, ya yi aikin sauke kaya a tasha har bayansa ya ƙi lanƙwasuwa. Daga baya ciwon suga ya cinye masa idanu, sai inuwa-inuwa yake gani, ya kuma kashe masa ji a ƙafafu tun daga idon sawu zuwa ƙasa. Likita ya gaya wa A'i ba a ɓoye ba: ƙafa irin wannan, idan ta ji ciwo mai ita ba zai sani ba, kuma ciwon ba ya son warkewa.

Abinci A'i ke zuba masa, ita ke ƙirga masa magani, ita ke yanke masa farce. Masallaci sai Mustafa ya riƙe masa hannu. Abu ɗaya ne ya rage yana yi wa kansa, alwala. Zai bi bango da tafin hannu har banɗaki, ya ja ƙofa, ya zauna a kan kujerar roba gaban famfon ƙasa-ƙasa da aka sa masa, ya laluba na hagu ya buɗe. Ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya bi komai a tsanake, don shi ba ya gaggawa da ruwa. Idan ya zo ƙafa, tun da ba ya iya sunkuyawa, sai ya miƙa ta ƙarƙashin famfo ya cuɗa ta da ɗaya ƙafar, sannan ya sauya. Ya fito gemu yana ɗiga, fuska a sake.

Mustafa ya daɗe yana son a ɗauko mai kula da shi, namiji, wanda zai riƙa shiga da shi banɗaki. Baba ya ce ba da shi ba. A'i ta goyi bayansa, ta kuma ɗauki alkawari cewa ita za ta sa ido. A nan aka tsaya: muddin ba a sami matsala ba, ba wanda zai bi shi ciki. A'i ta san abin da wannan ƙofa da yake ja da hannunsa take nufi a wurinsa, kuma tana tsoron ranar da za a hana shi fiye da yadda take tsoron ciwon ƙafar.

A watan takwas, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta da rana, Naja'atu ta haihu. Mace aka samu. Ita Naja'atu 'yar Nijeriya ce, daga Kontagora, aikin jinya ya kawo ta Jidda har Mustafa ya gan ta. Mahaifiyarta, Hajiya Yelwa, ta iso da bizar ziyara da jakunkuna cike da kanwa da kimba da gero, ta zo wankan jego. Mace ce gajeriya mai ƙarfi, mai fara'a, wadda ba ta taɓa jin cewa akwai wata ƙasa da ake yin abu dabam da yadda ake yi a gidansu ba. Washegarin zuwanta ta fita bakin layi ta karyo ganyen darbejiya, wani mai shago ɗan Yaman yana kallonta, ita ma tana kallonsa.

Matsalar ruwa ta taso tun wankan farko. Da sassafe ruwan tankin rufi bai gama ɗaukar zafi ba. Hajiya Yelwa ta tsoma yatsa ta taɓe baki.

"Wannan ko kaza ba za ta figu da shi ba," in ji ta. "Da wannan za a gasa mai jego?"

Naja'atu, wadda ta yi karatun jinya kuma ta san abin da littafi ya ce a kan wanka da tafasasshen ruwa, ta buɗe baki ta dubi uwarta, ta mayar ta rufe. Aka koma dafa ruwa a manyan tukwane a kan gas ana kinkima zuwa banɗaki, har ranar da santsin tayil ya kusa kayar da Hajiya da tukunya a hannu. Da Mustafa ya dawo aiki, sai ta yi magana tana fuskantar bango, yadda suruka take yi.

"Na ji an ce gidan nan akwai hita. Ko ta ado ce?"

Mustafa haifaffen Jidda ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, amma kunyar suruka bai rasa ta ba. Ya sauko ya shiga ɗakin ƙarƙashin matakala, ya danna maɓallin sakkana, ya danna na dinamo, ya murɗa lambobi har ƙarshe, ya hau sama abinsa. Bai tuna akwai mutane a ƙasa ba.

Da la'asar A'i tana ninke kaya ta ji Baba ya ce "Subhanallahi!" da ƙarfi. Ta same shi a bakin banɗaki yana yarfe hannu.

"Wa ya kunna sakkana a watan takwas? Ina buɗewa kamar an mare ni."

Ta duba yatsunsa. Sun yi ja kaɗan, ba su tashi ba. Ta kawo masa ruwan gora a buta, ya yi abin da zai iya, da ya zo ƙafa ya tsaya. Buta ba ta zuba kanta, shi kuma ba ya kaiwa ƙasa. Dole ita ta zuba masa. Ya juya fuska gefe har ta gama, bai yi mata sannu ba, abin da bai taɓa mantawa ba.

Ta hau sama ta kira Mustafa waje.

"Ka san yanzu famfo biyu ne masu zafi a banɗakin Baba?"

"Ma'alesh, yi haƙuri Yaya, wallahi na manta. Bas yaya zan yi? Hajiya ta kusa ƙonewa da tukunya."

"A kashe bayan wankan safe."

"Ai ba ta hucewa. Kin san girmanta. Kuma da yamma akwai wani wankan." Ya sassauta murya. "Arba'in ne kawai. Ko kuwa mu kawo mutumin nan da na ce, halas, kowa ya huta."

"Kowa ban da Baba."

"To zan kira sabbak ya raba layin. Bukra, in sha Allahu."

Sabbak shi ne mai gyaran famfo. Bukra kuwa gobe ce, kuma goben Mustafa ba a taɓa ganin ta waye ba.

A'i ta shiga ɗakin sakkana da kanta. Wurin ya ɗauki ɗumi, jar fitila tana ci, dinamo yana ɗan gurnani. Ta fara da abin murɗawa, ta mayar da shi tsakiya. Da safe Hajiya Yelwa ta aiko a tambaya ko hitar ta lalace ne, kafin hantsi Mustafa ya mayar da shi ƙarshe. A'i ta koma ta bi bututun da ido, ta ga inda ya rabu biyu, ɗaya ya yi sama ɗaya ya bi ta bango zuwa ɓangarensu, kowanne da makullinsa na ƙarfe. Ta kama na ƙasa za ta rufe. Gishirin ruwan Jidda ya riga ya cinye shi, ya ƙame. Ta naɗe shi da tsumma, ta sa ƙarfi har tafin hannunta ya yi shati, ko motsi bai yi ba. Ko da ya rufu ma, me za ta ba Baba? Famfon da ba ya zuba?

Kwanakin nan ita ke zuba masa ruwa a ƙafa sau biyar a rana. Ya rage magana. Ya fara riƙe alwala ɗaya daga azahar har magariba, yana ƙin shan ruwa don kada ya buƙaci wata, mai ciwon suga a zafin watan takwas. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali.

Ran nan da safe, bayan an gama wankan sama, ta tsaya gaban dinamo tana kallonsa. Ta tuna ranar da suka tare, mai gidan yana nuna musu kayansa da alfahari, ya dafa ɗan injin ya ce wannan shi ne yake kai ruwan zafi kowane famfo. Ta yi lissafinta: banɗakin su Naja'atu yana daidai saman sakkana, na Baba kuwa yana can ƙarshen gida, bayan falo da ɗakuna biyu. Idan ta kashe mai kai ruwan, na kusa za su samu, na nesa ba zai isa ba. Ta danna maɓallin, gurnanin ya tsaya.

Lissafin yana da kyau a ido, sai dai ba haka abin yake aiki ba. Ba dinamo ne yake tura ruwa zuwa famfo ba, nauyin tankin rufi ne. Aikin dinamo kawai ya riƙa zagayawa da ruwan zafi cikin bututu, ya je ya dawo, don duk wanda ya buɗe ya same shi nan take. Idan an kashe shi, ruwan da ya tsaya a bututu sai ya huce a cikin bango. Mai buɗe famfo zai fara samun wannan mai sanyin, na zafi yana biye da shi a baya, sai dai ya makara. A'i ba ta san wannan ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata.

Kafin azahar ta shiga banɗakin Baba ta buɗe na hagu, ta tara hannu. Sanyi. Ta bar shi yana zuba ta karanta Fatiha a ranta, har yanzu sanyi. Daɗi ya kama ta. Ta leƙa sama ta tambayi Hajiya Yelwa ko ruwansu yana nan.

"Yana nan, 'yar nan. Ya koyi jan aji dai, sai an bar shi ya zuba tukuna, amma in ya zo, ya zo."

A'i ta ɗauki wannan a matsayin albishir, ta sauko tana murmushi. Da aka kira salla ta sake shiga ta gwada, don ta tabbata, ta ƙara zubar da wani sashe na ɗan ruwan sanyin da ya rage a bututu. Sannan ta je ɗakin Baba.

"Baba, famfonka ya dawo. Na hagu, kamar kullum."

"An kashe ta?"

"An gyara dai. Na gwada da hannuna."

Bai ƙara tambaya ba. Ya tashi da sauri irin wanda ta kwana biyu ba ta gani ba, ya bi bangonsa, ya ja ƙofarsa. Tana kicin tana jin ƙarar ruwa, ta lura ya daɗe fiye da yadda ya saba, ta ce a ranta marmari ne, a bar shi ya more. Ya fito yana tasbihi, ya wuce ɗaki, ya zauna a kujerarsa ya tayar da salla.

Ta ɗauki abin goge ƙasa ta shiga banɗakin, don ba ta barin jiƙa a inda yake takawa. Tana sa ƙafa ta ji tayil da ɗumi. Madubi ya yi gumi. Famfon hagu bai rufu sosai ba, yana ɗiga, ta kai hannu ta ƙarasa rufewa, ƙarfen ya ƙone ta.

Ta yar da abin da ke hannunta ta yi ɗakinsa. Yana raka'a ta biyu, a zaune, hannu a kan gwiwa, leɓɓansa suna motsi. Ƙafar dama ta yi ja a saman yatsu. Ta hagu, wadda ake wankewa a ƙarshe, fatar bayanta ta riga ta kumbura ta yi fari-fari, wani wuri ta ja baya inda ya cuɗa da ɗaya ƙafar. Fuskarsa kuwa lafiya lau.

Ba ta jira ya sallame ba. Ta jawo roba, ta juye ruwan gora a ciki, ta durƙusa ta ɗaga ƙafafun ta tsoma. Ya ji an motsa masa gwiwa, ya ɗan yi jim, ya ci gaba da karatunsa. Haka ya ƙarasa raka'o'in, ita tana riƙe da ƙafafunsa a cikin ruwa tana kuka ba sauti. Da ya yi sallama ya juyo.

"A'i? Mene ne?"

"Ka ƙone, Baba."

"A ina?"

Mustafa ya baro aiki ya zo ya kai su wani ƙaramin asibiti a unguwa. Likita ya wanke, ya yanke fatar da ta mutu, ya naɗe ƙafar hagu har idon sawu. Ya ce a riƙa kawo shi kullum a sauya, ruwa kada ya taɓa wurin, kada kuma a sake barin sa shi kaɗai da famfo. A'i ta tambaye shi yatsun fa. Ya ce za a gani.

A mota, a hanyar komawa gida, suka wuce gadar da ke kaiwa tasha. Can Baba, yana gaban mota, ya ce da muryar da ba ta fita sosai:

"Na dama na buɗe ke nan."

A'i ta buɗe baki. Mustafa ya dube ta ta madubi ya girgiza kai.

"Shekara nawa ina buɗe famfon nan," in ji Baba. "An ce mini hagu, na ji da kunnena. Na je na buɗe dama." Sannan ya ce, "Mustafa, mutumin nan da kake faɗa. Ka kawo shi."

Da suka isa gida labari ya riga ya hau sama. Hajiya Yelwa ta sauko da kanta, mayafi a karkace, tana salati tana cewa a kashe hitar nan, ita da tukunya ta saba, da ta san akwai dattijo a kan layin da ba ta ce a kunna ba. Gaskiya take faɗa, kuma har ranta abin ya dame ta. Sabbak ɗin da ya gagara zuwa kwana da kwanaki, kira ɗaya aka yi masa ya iso kafin la'asar ta yi sanyi. Ya cire makullin da ya ƙame, ya ɗaura wa layin ƙasa wani ɗan ƙarfe mai gauraya ruwa wanda ba ya barin zafi ya wuce kima, ya kawo shawarar a naɗe tankin rufi a yi masa rumfa. Duk aikin bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Yana tattara kayansa ya ga dinamo a kashe, ya danna shi ya ce da Larabci wannan a bar shi a kunne, ya tafi.

Mustafa ya tare A'i a gindin matakala.

"Ke kika kashe shi?"

"Ni ce."

Ya shafa kansa. "Ni ma na kunna ban faɗa ba. Halas, ya wuce. Bas isma'i, Yaya, saurare ni, kada ki gaya masa. Kin ji da bakinsa ya yarda. Shekara biyu ina roƙo. Idan kin faɗa, zai koma gidan jiya, kuma ƙafa ɗaya ce ta rage mai lafiya."

"Yana ganin hankalinsa ne ya tafi."

"Zai manta. Ke ma kin huta, ba wanda zai ce ke ce."

Maganarsa akwai hankali a ciki, ta sani. Kuma ta ji a jikinta yadda shirun zai yi mata sauƙi. Shekarun nan duka ita ce mai sa ido, ita ce ta ce a bar shi a hannunta, da bakinta ta ce masa ta gwada. Tana jin kunya, tana jin tsoro, kuma ba ta son ya san da hannun wa aka yi.

Da magariba ta gabato ta kawo buta da roba ɗakinsa. Mustafa yana nan. Baba yana zaune a bakin gado, ƙafar da aka naɗe tana kan matashi. Da ya ji an ajiye roba bai ce a ba shi butar ba. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa tafukansa biyu a buɗe wajen da yake jin numfashin ɗansa, ya jira a zuba masa. Mustafa ya ɗauki buta.

"Baba," in ji A'i, "na hagu ka buɗe."

Mustafa ya ce, "Yaya."

"Na hagu ka buɗe. Sakkanar ba a kashe take ba. Ni ce na kashe dinamo, ina zaton shi zai hana ruwan zafi zuwa wurinka. Sai ya fara zuwa da sanyi, mai zafin ya biyo baya lokacin da ka kai ƙafa. Ni na yi, ba kai ba."

Hannuwan suna nan a miƙe. Ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Kin tabbata?"

"Na shiga bayan ka fito. Na hagu na samu yana ɗiga, ni na ƙarasa rufe shi. Ga yatsana, ya tashi."

"Kawo."

Ta ba shi hannun. Ya laluba har ya sami ƙurjin, ya shafa shi da babban yatsa a hankali, ya sake ta. Ya ja dogon numfashi ya sauke.

"Tun da muka baro asibiti nake bin kaina," in ji shi. "Na jera sunayen 'yan'uwana na Mai Wurno, na jera na jiragen da na yi wa aiki. Na ɗauko daga Sabbi ina saukowa, in ga a ina zan tsaya. Ban tsaya ba. Sai na ce to, ai wanda abin ya kama ba ya sanin inda ya ɓace masa." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ashe na hagu ne."

"Ka yafe mini, Baba."

"Ƙafa ce, A'i. Da ma ba jin ta nake yi ba." Ya mayar da hannuwansa kan cinya. "Mustafa, ajiye butar nan a kan kujera, kusa da hannuna na dama. Matso da robar. Likita ya ce a shafa a kan bandeji ko?"

"Eh, amma Baba, wallahi ƙafar dama fa? Ba ka kaiwa."

"In na zo nan zan kira. Mutumin naka kuma ka dakata da shi."

Mustafa ya ajiye butar da ɗan ƙarfi, ya wuce A'i bai dube ta ba, ta ji takunsa a matakala har sama. Ta gyara zaman robar, ta kama hannun Baba ta taɓa masa bakin robar da marfin butar don ya san inda suke, ta fita.

A bayan ƙofa ta tsaya. Ta ji ya yi bisimilla, ta ji buta ta karkata. Ruwan yana zuba, wani a cikin roba, wani a kan kafet, tana iya bambance ƙarar biyun. Ta riƙe hannun ƙofar, ba ta murɗa ba.